Fatun Layya a Bayan Mota

Ni mutum ne mai ƙyanƙyami, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Tun ina ƙarami in anka yanka kaza gidanmu, ni ke fara barin tsakar gida. Nama kam ina ci, har in miƙa kwano a ƙara mani, amma kada a nuna mani inda ya fito. Da na girma na zama malamin makaranta a Sabon Birni, sai halin ya samu wurin miƙe ƙafa, don alli da takarda ba su jini, ba su wari. Na lallaɓa na sayi tsohuwar mota 'yar Kwatano mai dogon baya, irin wadda 'yan kasuwa ke cire wa kujera su danƙara mata buhuna zuwa Burkusuma. Tawa ko tiya ɗaya ta gero ba ta taɓa ɗauka ba. Kullum da safe sai na goge ta, kuma wanda ya taka kashin awaki bai shiga sai ya kakkaɓe takalmi na gani da idona.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ne ladan a ƙauyenmu da ke kusa da Kamarawa. Ban da kiran salla yana da wani aiki da ya fi shi alfahari da shi. Fatar dabbar layya ba a sayar da ita a ci kuɗin, sadaka aka yi da ita, to a ƙauyenmu kowa in ya feɗe ragonsa ko akuyarsa sai ya kai fatar zauren Kawu. Shi zai goge ta, ya barbaɗa mata gishiri, ya tara, ya kai wa dillalin fata a Isa, abin da anka samu a yi wa masallaci hidima. Tabarmi, butoci, igiyar guga, duk daga nan suke fitowa. Tun kafin a haife ni yake wanga aiki, kuma ba a taɓa jin wani ya ce ga abin da ya ɓata ba.

Sai shekarar da ta gabaci wadda nika ba da labari. Kawu ya ɗora fatun a babura, ruwa ya tare su a hanya, kafin su isa Isa dillali ya ɗaga zuwa Sakkwato. Kayan sunka tafi a wulaƙance. Samarin gari, waɗanda sunka kafa kwamitin masallaci da shugaba da magatakarda da komai, sunka ce tsoho ya gaji, a karɓi aikin a ba su. Liman ya roƙe su arziki a ƙara mashi shekara guda. Kwanon rufin masallaci kuwa yana yoyo daidai kan sahun farko, kuma da fatun bana anka yi niyyar sauya shi. In sun isa lafiya Kawu ya ci gaba da aikinsa, in sun lalace an karɓe ke nan. Kowa a garin ya san haka, har da ni.

Ana saura kwana uku Babbar Salla ya sa anka kira ni a waya.

"Ɗana, bana motarka nika so."

"Kawu, motar ai ba ta kaya ba ce."

"Na sani. Fata ai ba nauyi gare ta ba. Na riga na faɗa ma Liman ɗan ƙanwata na da mota."

Mi za ni ce? Mutumin da ya yi mani huɗuba, ya riƙe ni shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyata. Na ce to, na kashe waya, na yi tsaki har matata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Washegarin Salla da la'asar na isa ƙauyen. Damina ta fara, ƙasa na tururi, iska ta tsaya cik. Tun daga bakin hanya na jiyo zauren Kawu. Yana zaune tsakiyar fatun a kan 'yar kujera, hannuwansa fari fat da gishiri, ƙudaje na yi mashi rawani, shi kuwa sai murmushi yake kamar wanda anka yi wa haihuwa. Bana mutane sun kawo sosai. Ya ɗago wata jar fatar akuya ya ce in taɓa in ji laushi. Na ce na gani daga nan, Kawu, Allah ya sa albarka.

Shirin shi ne a loda da asuba, mu kama hanya da sanyin safiya, don dillali na ɗaure kayansa bayan la'asar. Ni kuwa ina da nawa shirin. Daga Isa gidan surukaina za ni wuce gaisuwar Salla, ga sabuwar shadda na ɗinka, kuma ban ga yadda za ni tsaya ana jidar fata da safe, jini na ɗiga, sannan in shiga gidan mutane ina ƙarni ba. Na ce a loda yanzu a huta.

Kawu ya ce, "Da ka bari sai safe. Fata iska taka so."

"Kwana ɗaya ne fa, Kawu. Da asuba sai dai mu murɗa makulli."

Ya dube ni, ya dubi motar. Mai mota ba a cika yi mashi gardama ba, ko da kai ka goya shi. Ya ce to, amma a shimfiɗa kara a ƙasa don ruwan gishirin ya samu wurin tsiyayewa, a bar gilasai a buɗe, kada a rufa musu komai. Da kansa ya jawo damin karan dawa daga bayan zaure ya aje mani gaban mota, ya tafi alwala.

Kara! A cikin motata! Ruwan jini ya tsiyaye ya tafi ina, in ba cikin kafet ɗina ba? Na ture damin gefe. Na kwance kujerar baya na jingine ta a zaure, na fito da wani tamfol na roba da na saya musamman a kasuwar Sabon Birni, na shimfiɗa shi tun daga bayan kujerar direba har bakin but. Maƙwabta biyu sunka yi lodin, ni ina tsaye nesa ina nuni da baki. Da sunka tafi masallaci, na sa leda a hannuwana, na naɗo gefunan tamfol ɗin bisa kayan, na ɗaure tamau da igiya kamar ƙunshin goro. Na ɗaga gilasai duka huɗu na kulle. Har wani daɗi na ji a raina, na ce yau na yi wa wari dabara.

Da gari ya waye na yi wanka, na sa shadda, na fesa turare. Kawu ya fito da sandarsa da hularsa ta Juma'a. Idonsa ya yi rauni a shekarun nan, sai da ya dafa ƙofa ya ji gilashi.

"Rufewa ka yi?"

"Hadari na gani jiya, Kawu."

 Na buɗe ƙofa, abin da ya fito ya buge ni a fuska sai da na ja da baya taku uku. Wani ɗumi ne mai nauyi, mai zaƙi-zaƙi, wanda ke manne wa mutum a maƙogwaro. Na toshe hanci da hankici, na shiga, na murɗa makulli. Injin ya juya, gir-gir-gir, bai kama ba. Na sake. Na taka totur har ƙasa na sake. Haka dai, tana juyawa lafiya lau amma ta ƙi tashi, motar da jiya-jiya ta kawo ni tun daga Sabon Birni ko tari ba ta yi ba.

Abin da na sani game da mota bai wuce abin da kowane mai mota ya sani ba. Na buɗe bonet na tsaya ina kallon injin, shi ma yana kallona. Na ɗauki dutse na ƙwanƙwasa kan batir. Na duba allurar mai, tana sama da rabi. Na girgiza wasu wayoyi da ban san aikinsu ba. Na koma cikin wancan ɗoyi na murɗa, gir-gir-gir.

Kafin wani lokaci rabin mazan unguwa sun taru, kowa da kayan Sallarsa, kowa kuma ya zama bakanike. Wani ya ce batir ne. Na ce batir na juya injin. Ya ce duk da haka batir ne. Wani ya tambaye ni inda na sha mai, da na ce a bakin hanya cikin galan, ya tafa hannu ya ce shi ke nan, an haɗa mani da ruwa. Wani dattijo ya ce shi dai bai taɓa ganin an kwana da jini a cikin mota an wanye lafiya ba, a nemo habbatus sauda a yi hayaƙi. Daga ƙarshe anka yanke shawarar turi. Na sa giya ta biyu, na taka kuloci, magidanta shida sunka tattare riguna sunka tura ni tun daga ƙofar Kawu har gangaren bayan gari. Na saki kuloci, motar ta yi tsalle, ta yi gurnani, ta mutu. Sau uku muna haka. A na ukun munka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar kuka, nesa da gidaje, masu turi na haki suna tofar da yawu saboda abin da ke fitowa ta gilashin baya.

A nan ne wani maƙwabcin Kawu, mai babur, ya faɗi magana guda mai hankali da anka yi a ranar.

"Malam, a sauke kayan ga a baza su inuwa su sha iska. In motar ta ƙi, mu kwashe a babura, sawu uku sun ƙare."

Na san gaskiya ya faɗa. Amma saukewa na nufin a kwance igiyar nan a gaban jama'a, a ga ƙunshin da na yi, kuma in tsaya kusa da shi da shaddata. Na ce a'a, ƙaramar matsala ce, yanzu za ta tashi, kada a wahalar da kai sauke-ɗora. Kawu ya juyo wajen muryata ya ce, "Ka tabbata, ɗana?" Na ce na tabbata. Wallahi ko yau in na tuna wannan "na tabbata" sai in ji kamar in wanke bakina da toka.

Na hau tudun bayan masallaci inda waya ke kamawa na kira bakanikena na Isa. Ya ce garejin a rufe yake, Salla ce, yana gidan yayarsa cin nama. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah. Ya ce yana zuwa. Zuwan nasa bai tabbata ba sai da rana ta take tsaka. Duk tsawon wanga lokaci motar na tsaye, inuwar kukar ta gushe ta bar ta cikin rana, ni ina zaune can gefe a kan saiwa ina kore ƙudaje, Kawu na tsugune kusa da tayar baya da tazbaha. Mutane sunka gaji sunka watse ɗaya bayan ɗaya, don kowa na da baƙi a gida.

Bakaniken ya iso a babur, da farar shadda shi ma, da 'yar jakar kayan aiki a ɗaure a baya. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya son yawan magana, kuma ba ya ganin girman mai mota ko kaɗan. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshe, ya rage daga shi sai singileti. Ya shaƙi iska sau ɗaya ya dube ni.

"Malam, gawa ka ɗauko?"

"Fatu ne."

"Uhm."

Ya ce in murɗa. Ya saurara, ya ce batir da sitata ba ruwansu, a bar zarginsu. Ya zare wayar fulogi guda, ya soka mata sukudireba, ya kusantar da ita jikin injin ya ce in sake murɗawa. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, ƙyas-ƙyas. Ya ce wuta na zuwa. Ya tsotso ɗan fetur daga tankin babur ɗinsa a murfin gora, ya buɗe bututun iska ya zuba, ya ce murɗa. Motar ta kama, vum, har na fara murna, ta yi numfashi biyu ta mutu.

"To, yunwa taka ji," in ji shi. "Mai na tanki, bai isowa gaba."

Ya zagaya baya ya buɗe murfin tanki, ya kara kunnensa. Ya ce in murɗa makulli rabi kawai, kada in tayar, kuma kowa ya yi shiru. Ya bayyana wa Kawu, ba ni ba, cewa akwai ɗan famfo a cikin tanki mai turo mai zuwa injin, in lafiya yake za a ji yana ɗan kuka kamar sauro. Na murɗa. Ba sauro, sai ƙudaje. Ya dawo ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, yana riƙe da numfashi, ya zaro wani ɗan fiyus ya ɗaga shi a rana. Ya ƙone. Na ce alhamdu lillahi, ashe abin kaɗan ne. Ya ciro na hon ya sa a gurbinsa, na murɗa, sai ji munka yi tas, shi ma ya tafi.

Na ce, "A naɗa mashi 'yar waya mana, na ga direbobi na yi. Mu dai mu isa Isa."

Ya fito da kansa a hankali. "Malam, fiyus ba don ƙeta yake ƙonewa ba. Wani wuri wuta na haɗuwa da abin da bai kamata ba. In na ɗaure shi da waya, wurin zai yi zafi, kuma wurin bisa tankin fetur yake. Kana son a babbake fatun da motar da tsoho gaba ɗaya?"

Ya zagaya ya leƙa bayan motar.

"Kan famfon na nan ƙarƙashin inda kujerar baya take. Wa ya cire kujerar?"

"Ni."

"To a sauke kaya."

Ba sauran wurin gudu. Ya yanke igiyar da wuƙa, ya yaye tamfol ɗin.

Ban san yadda za ni kwatanta abin ba, kuma ba ni son in iya. Tururi ya tashi daga ciki kamar an buɗe tukunyar dambu. Fatun sama sun yi gumi, suna nan dai da kamanninsu. Na ƙasa sun koma wani abu mai santsi, launin toka-toka da kore, sun manne da juna, in an ɗaga ɗaya sai ta taho da yauƙi. Tsutsotsi ƙanana farare sun riga sun fara motsi a lungun tamfol. Na ruga bayan kuka na amayar da duk naman Sallar da na ci, har da na shekaranjiya. Ya fantsal mani a gaban shadda da takalmi. Na tsaya a duƙe ina kakari, hawaye na zuba, ina tsine wa fata da mai fata da ranar da na sayi mota.

Da na ɗago sai na ga Kawu. Ya aje sandarsa, ya naɗe hannun riga, ya dulmiya hannuwansa cikin abin nan har gwiwar hannu. Yana jawo fata ɗaya-ɗaya, ya shimfiɗa a ƙasa, ya shafa bayanta, ya kama gashin da yatsu biyu ya ɗan ja. In gashin ya riƙe, ya aje ta dama. In ya biyo hannunsa, ya aje ta hagu. Fatar da gashinta ya saki ta mutu, majemi ba zai karɓe ta ba ko kyauta, wannan ko ni na sani. Tun yana ajewa dama, har ya koma hagu, hagu, hagu. Kuma ga mamakina yana gane su da hannu. Ina jin shi yana faɗi ƙasa-ƙasa, wagga ta gidan Liman ce, wagga ta matar nan ce da mijinta ya rasu bara, ita kaɗai ta yi kiwon tunkiyar. Da hannunsa ya taɓa igiyar da tamfol ɗin, ya tsaya ya shafa su, ya shafa ƙullin da na yi. Ya juyo wajen da nike. Na jira faɗa, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya mai da kai ya jawo fata ta gaba.

Da anka kwashe, bakanike ya ɗaga tamfol ɗin ya nuna mani. Ƙarfen da ke riƙe kujera ya huda shi a tsakiya, kuma duk ruwan da fatun sunka yi cikin dare, gishiri da jini, ya taru ya bi ta wannan huda guda ya sauka cikin ɗan kwarin da murfin famfo yake. Wurin ya cika taf, soket ɗin wayar na nutse a ciki. Da kara anka shimfiɗa, in ji shi, da ruwan ya bazu ya bi ramukan ƙasan mota ya ɗige waje. Ya samo gwangwanin madara ya riƙa kwalfewa yana watsarwa, ruwan ja-baƙi mai kauri, yana yi yana kau da fuska. Ya zare soket ɗin, ƙarafunan ciki har sun fara kore. Ya wanke da fetur, ya kankare da bakin wuƙa, ya hura, ya shanya a rana bisa bonet. Wata waya da ta ɗan narke ya yanke ta ya sake haɗawa ya naɗe da salatif. Ya ciro fiyus na uku daga jakarsa.

"Murɗa rabi."

Daga ƙarƙashin motar wani ɗan siririn kuka ya taso. Na ƙarasa murɗawa, ta tashi bugu ɗaya, lafiya lau, kamar ba ita ba. Ban taɓa jin ƙarar da na tsana irin wannan ba.

Yana wanke hannu da ƙasa da fetur ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada tsoho ya ji.

"Wa ya ƙunshe ɗanyar fata a roba, ya rufe gilashi, cikin wanga zafi?"

 Ya dubi amai a gaban rigata, ya dubi Kawu da ke ta jera fatu, ya tofar da yawu gefe. Ya sa rigarsa ya hau babur, ko sallama bai yi mani ba.

Munka isa Isa dillali na cikin ɗaure kaya. Bai ɓata lokaci ba. Ya ɗauki 'yan na dama, ya ja gashin biyu-uku daga na hagu, ya yarfe hannu ya ce, "Baba, kai da kanka? Mi ya same ka bana?" Kawu ya ce ƙaddara. Abin da anka samu ko tabarmi bai isa ya sauya ba, balle kwano. Na so mu watsar da sauran a juji mu huta, Kawu ya ce sadakar mutane ba ta zama abincin karnuka. Munka tsaya a bakin wata gona, ya ari fartanya wurin mai gonar, munka binne su. Ni na yi haƙan, shi ya jera su a ramin. Gidan surukai ban je ba.

A hanyar komawa na buɗe baki na ce, "Kawu, in mun isa za ni faɗa masu ni ne."

"Tuƙa motarka."

Bayan sallar magariba Liman ya ce jama'a su ɗan tsaya. Masallacin ya cika, don labari ya riga mu isowa. Ina sahu na biyu, na sauya riga amma ina jin warin a jikina. Kawu ya dafa bango ya miƙe. Ya ce jama'a su yafe mashi, amanarsu ta lalace a hannunsa. Ya ce shi ya sa anka loda tun jiya don gudun makara, shi ya sa anka rufe don tsoron ruwa, kuma gishirin ma bana ya yi ƙwauronsa. Ƙarya uku a jere, a cikin masallaci, daga bakin mutumin da ban taɓa jin ya yi ko ta wasa ba.

Shugaban samarin ya miƙe. Sa'ana ne, tare munka yi firamare. Ya ce shi ba rashin kunya zai yi ba, amma mutumin da ya shekara arba'in yana harkar fata, in har ya manta roba na dafa ta, to lokaci ya yi da zai zauna gida ya huta. Wasu sunka ce ƙwarai. Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Liman ya sunkuyar da kai ya ce daga baɗi kwamiti za su karɓa.

Ina zaune. Maganar na bakina, gajera ce, ni ne na yi, ba shi ba. Na dubi mutanen da ke kirana Malam, waɗanda ke turo mani 'ya'yansu Sabon Birni in sama musu makaranta. Na ce bari wancan ya gama, sannan na ce bari Liman ya gama, sannan anka shafa fatiha kowa ya nemi takalminsa.

A hanyar gida na riƙe mashi hannu saboda duhu ya fara. Na ce, "Kawu, don mi?"

Ya ce, "Ni na kira ka. Ɗan ƙanwata bai tsayawa gaban jam'i a ci mashi fuska ina da rai." Ya ɗan yi tafiya ya ƙara da cewa, "Ka wanke motar da toka da ruwan zafi, ka bar ta buɗe kwana uku."

Na wanke, na sake wankewa, na sauya kafet. Damina ta ƙare ana jera bokitai a sahun farko.

Da Salla ta zagayo na je ƙauyen. Zauren Kawu a share yake tas, ba kowa, ba ko ƙuda. Ya yanka ɗan ragonsa, ya gyara fatar shi kaɗai, ya naɗe ta ya saɓa a kafaɗa, ya ce in raka shi. Samarin sun kafa rumfa a ƙofar masallaci, da tebur, mutane sun yi layi. Kawu ya bi layin kamar kowa. Da anka zo kansa ya miƙa, shugaban ya warware fatar, gishiri ya zubo a kan tebur har ƙasa, ta yi fari kamar an tsoma ta a gari.

"A'a, Baba!" in ji shi da ƙarfi don a ji. "Bana dai ba a yi ƙwauron gishiri ba!"

Rumfar ta kwashe da dariya. Kawu ma ya yi dariya, ya ce awo, tsufa ya koya mashi hankali. Ina tsaye a bayansa, kusa da shi ƙwarai, kuma a ranar ma ban ce komai ba.